Ni da Ummi da Robar Tsotso: Lissafin Dare

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2024

Daren jiya sau tara na tashi. Ba kintace ba ne, ƙirgawa na yi. Guntun alli na ajiye a ƙarƙashin matashi, duk tashi ɗaya in ja layi a bango daidai kaina. Da gari ya waye Abban Ummi ya dubi bangon ya ce, “Wannan fa? Bashin wa kike lissafi?” Na ce bashin barcina ne, kuma ’yarka ce ta ci.

Yau watan Ummi huɗu da kwana tara. A cikin taran nan sau biyu kacal ta kama nono ta sha na kirki. Sauran bakwai ɗin roba ce ta suɓuce daga bakinta. Wanda bai yi ba zai ɗauka mayar da roba bakin jariri ba wani aiki ba ne. To ga yadda yake a ɗakina: in ji ƙananan mita, in ɗaga gidan sauronmu, in sauko, in ɗaga nata, in haska fitilar waya, in lalube zanen gado. Robar kuwa ba ta taɓa faɗuwa inda hannu zai kai da sauƙi, kullum sai ta gangara tsakanin katifa da katakon gado. In ciro, in ɗauraye da ruwan fulas, in jira ta huce, in saka mata. Kafin in gama, mita ta zama kuka, sauro biyu sun samu hanya, ni kuma idona ya bushe ƙamas.

Ba da roba muka fara ba. Har na gama wankan jego ba ta san ta ba. Bayan arba’in ne ta tsiro da kukan magariba, daga faɗuwar rana har bayan isha, a goye kuka, a kafaɗa kuka. Ƙanwar Abbanta ce ta sayo mana a kemis, ta ce sunanta fasifaya, mu dai roba muke ce mata. Ranar farko da Ummi ta kama ta yi tsit, saura kaɗan in yi guɗa. Da yamma kawai nake ba ta a lokacin. Sai da aka yi ɗaukewar wutar nan ta ƙarshen Oktoba, wadda ta bar Arewa a duhu sama da mako guda, robar ta shiga dare. Ba fanka, ga zafi, yarinya ta ƙi kwanciya, ni kuma na koma makaranta ga aji na jirana da safe. Abin da ya fi kusa da hannu shi na ɗauka. Wuta ta dawo, roba ba ta fita ba.

Ranar Alhamis ina tsaye gaban ’yan aji huɗu na rubuta kwanan watan bara a allo, sai da wata yarinya ta ɗaga hannu ta gyara min. Shi ya sa na buɗe wannan littafin. Abin da nake nema: kafin a koma zango na biyu a Janairu, tashin dare ya sauko zuwa biyu ko uku.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Takwas, tara, bakwai, goma. Na daina alli, na koma rubuta lokaci a waya, don layi ba ya faɗin ƙarfe nawa.

Abin da ya fito ya ba ni mamaki. Daga takwas da rabi zuwa wajen sha biyu barcinta take yi lafiya lau, alhali robar tun kafin tara ta faɗi, na gani da idona. Daga ɗayan dare ne wasan ke farawa: 1:05, 2:00, 2:50, 3:45, 4:40, kamar an saita mata agogo. Ashe ba faɗuwar robar ke tashinta ba. Robar takan yi rabin awa a gefen kumatunta ba ta ko motsa ba.

Na yi karatun tsakar dare a kan wannan, tunda dama ido biyu nake. Barci ba miƙe yake ba, hawa da sauka yake yi. Na babba yakan kewayo cikin kamar minti 90, na jariri bai wuce 50 zuwa 60 ba, kuma a ƙarshen kowane kewaye mutum yakan taso dab da farkawa. Mu manya sai mu juya mu ci gaba, da safe ba ma ko tunawa. Wajen wata uku zuwa huɗu tsarin barcin jariri ke canjawa, wannan tasowar ta ƙara yawa. Idan ta taso ta tarar da komai yadda ta bar shi, sai ta zarce. Idan ta tarar bakinta wayam, sai ta kira ni. Kamar mu ne da fanka: ka kwanta tana juyawa, a ɗauke wuta cikin dare, ba nan take za ka farka ba, amma da zarar barci ya yi sama-sama sai ka ji shirun ya dame ka.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na nemi izini a makaranta na kai ta awo. Kilo 6.2. Sista ta ɗiga a kati, ta dubi ɗigon watan jiya, ta ce yarinya na kan hanya amma hawanta ya ɗan yi sanyi. Layi bai yi tsawo ba, sai na samu na zayyana mata komai, har da nuna mata lokutan da ke waya.

Tambayarta ta farko ta daki ƙirjina. “Maman Ummi, a cikin tashin nan, ya aka yi kika san biyu ne kawai na yunwa?”

Na ce ai in na saka mata roba shiru take yi.

Ta ce, “Shiru za ta yi mana. Jariri in ya samu abin tsotsa zai lafa ko da cikinsa na kira. Bayan minti ashirin ya sake tashi. Ke da kike wuni a makaranta, tana shan wanda kika tatsa da cokali, ba ki tunanin da dare take son ta rama?”

Ban da amsa. Na koma kan wayar na duba, sai ga shi kuwa: akwai tashin da tazararsu ta kusa awa, akwai na minti goma sha biyar zuwa ashirin, kuma gajerun nan duk tsakanin biyu da uku suke taruwa. Wato akwai daren da yarinya ke neman abinci ina toshe mata baki da roba. Wallahi sai da na ji kunya ta rufe ni a kan bencin nan.

Na tambaye ta ko in jefar da ita gaba ɗaya. Ta yi dariya ta ce lokacin da suke makarantar koyon jinya haka aka koya musu, babu sassauci. Shirin asibitoci masu goyon bayan shayarwa da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar a 1991 yana da matakai goma, na tara ya hana a ba jariri mai shan nono roba ko bulumboti. A 2018 aka sake fasalin matakin, ya koma a yi wa uwa bayanin amfani da haɗarinsu. Cikin dalilan akwai binciken da ya nuna uwar da ta ƙuduri shayarwa, nono kuma ya riga ya kankama, roba ba ta rage mata tsawon shayarwar a watannin farko. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma tun 2005 take cewa a miƙa wa jariri roba lokacin kwanciya, don an lura tana rage mutuwar nan ta farat ɗaya cikin barci, irin wadda ake kwanciya da yaro lafiya a wayi gari babu shi, mu a nan a ce uwa ta danne shi ko a ɗora wa maita. Amma su ɗin ma sun ce idan ta faɗi bayan barci ya ɗauke shi, ba sai an mayar ba.

“To ke wa ya aike ki mayarwa sau bakwai?” in ji ta. Ta ƙara da cewa in riƙa kwantar da ita rigingine kullum, kada in sa mata matashi ko tulin zannuwa, wannan ya fi zancen roba nauyi.

Na faɗa mata wani lokacin in gajiya ta ci ƙarfina a bakina nake tsotse robar in mayar mata. Kallon da ta yi min ya isa. A tafasa minti biyar kullum, a ja kan a duba ko ya tsage.

Lahadi, 1 ga Disamba

Daga daren Talata na ƙara shayarwa ɗaya wajen ƙarfe biyu, ta sha sosai har ta saki da kanta. Gajerun tashin nan sun ɓace. Yanzu muna kan biyar zuwa shida, uku na nono.

Hajiya ta zo jiya ta kwana. Ummi sunanta ta ci, don haka a wurinta ba jika ba ce kawai, takwara ce, kuma duk wanda ya bar takwararta ta yi kuka ya taɓo ta. Ta ji tashinmu na dare daga ɗakin baƙi. Da safe muna karyawa ta buɗe jaka ta fito da ’yar kwalbar zuma, ta kuma ce a miƙo mata zaren lilo.

“’Yar nan, wahalar da kanki kike. A ɗan lakata mata zuma a jikin abin, za ta riƙe shi gam. A kuma ɗaura masa zare a rataya mata kamar laya, ya daina ɓata.”

Na sunkuyar da kai na ce, “To, Hajiya.” Me zan ce? Na bi Abban Ummi da ido, ya gane, ya biyo ni kicin. Na faɗa masa abin da na sani: ba a ba yaron da bai cika shekara ba zuma, ko ɗigo. Zuma kan ɗauko ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya murƙushewa, na jariri kuwa bai yi ƙwari ba, sai ta tsiro a ciki ta saki dafin da ke sanyaya jiki. Yaro ya daina bayan gida, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dushe, wuya ya kasa ɗaukar kai. Ba kasafai take faruwa ba, amma in ta faru sai an kwanta asibiti. Zare kuma, yarinyar da ta fara juyi, a wuya, cikin duhu? Ko da wasa.

Ya koma falo, ina jin su. Hajiya ta ce zuma dai waraka ce, Allah ne ya faɗa, su duk da ita aka raine su. Ya ce, “Haka ne, Hajiya, babu mai musu. Ko dabino ma ai ba a ba jariri ya haɗiya da ƙwallo. A bari ta shekara, ke za ki fara ba ta da hannunki.” Ta yi shiru jim, ta ce ’ya’yan zamani da likitocinsu, sannan ta tura masa kwalbar ta ce ya sha a shayi.

Abin da ta faɗa daga baya shi ya tsaya min a rai. Ta ce su a zamaninsu yaro a jikin uwa yake kwana, in ya motsa ya lalubi nono ya kama, uwa ba ta ma farka sosai ba, balle ta san sau nawa. “Ku kun raba gado, kun kawo roba, kun kuma zauna kuna ƙirga.” Ban yarda da ita duka ba, don katifarmu mai laushi ce ga barguna, ni kuma in gajiya ta kwashe ni ko ganga ba na ji. Amma ta faɗi gaskiya guda: jarirai sun daɗe suna tashin dare, ƙirgar ce sabuwa.

Litinin, 9 ga Disamba

Na yi gaggawa, na kuma sha kashi.

An gama jarrabawa, sai na ce bari in yi ta ta ƙare. Daren Juma’a na kulle robobin biyu a durowa. Na shayar da ita, na kwantar. Ta buɗe baki tana juya kai hagu da dama, tana nema. Daga nan ta ɓare. Na ɗauka, na jijjiga, na goya na yi ta zagaye tsakar gida cikin sanyi. Ta yi barci a baya, ina saukewa ta farka. Sau huɗu muna haka. Wajen sha ɗaya da rabi maƙwabciyata Maman Khalifa ta turo saƙo: “Lafiya kuwa? Ko a fito da mota?”

Daren Asabar ya fi muni. Ƙarfe ɗaya Abban Ummi ya ɗauki bargo ya koma falo, ya ce gobe yana da lodin kaya a Kwari. Ban ce masa komai ba, amma na rubuta a zuci. Ƙarfe uku saura ina zaune bakin gado, ita tana kuka ni ina kuka, sai na ga hannuna ya jawo durowa. Ta kama robar tana ajiyar zuciya, irin shessheƙar nan da ke girgiza ƙirji, idonta a kaina. Minti biyu ba a yi ba ta yi barci.

Na san akwai iyayen da ke cirewa rana ɗaya, su daure dare uku, a wuce wurin. Ban ce ƙarya suke ba. Amma gidan haya mai katanga ɗaya da maƙwabta, da miji mai fita da asuba, da uwa mai bashin barcin wata guda, ba wurin wannan jarumtar ba ne. Da safe na ce da Abbanta ko dai ya karɓi rabon dare ko a bar maganar. Ya ce daga kwanciya zuwa ɗaya nasa ne, in dai ba nono ake nema ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Sabuwar dabara, a hankali. Ina ba ta robar lokacin kwanciya, in zauna kusa. Idan tsotson ya yi sanyi, ido ya lumshe amma barci bai yi nisa ba, sai in zare a hankali in ɗan tallafe haɓarta da yatsa, ɗaya hannun a kan ƙirjinta. In ta nemi kuka in mayar, in ƙirga ashirin, in sake zarewa. Daren farko sau goma sha ɗaya na zare kafin ta haƙura. Jiya sau huɗu. Abin da nake so shi ne barci ya ɗauke ta baki wayam, don in ta taso cikin dare ta tarar da shi yadda ta bari.

Na biyu, na daina zabura. Da, tana cewa “eh” na dira. Yanzu sai in ƙirga sittin a zuci. Abin kunya, kusan rabin mitar nan ba farkawa ba ce. Takan yi ƙorafi, ta murza fuska, ta ɗaga ƙafa ta buga, ta koma. Ni ce nake zuwa da fitila da ɗage-ɗagen gidan sauro in ƙarasa tashinta.

Lahadi, 22 ga Disamba

Huɗu, biyar, huɗu, uku, huɗu. Zarewa ɗaya ko biyu ta isa yanzu. Ranar Alhamis na yi barcin awa uku a jere, na farka a firgice na kai hannu hancinta.

Litinin, 30 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa, ƙura har kan tabarmar salla. Ummi ta kwashi mura, hanci ya toshe. Jariri ƙarami da hanci ya fi numfashi, to ga hanci a rufe ga roba a baki, sai ta tsotsa biyu ta tofar ta ja iska ta fashe da kuka. Da kanta ta ƙi ta. Ina ɗiga mata ruwan gishirin hanci na kemis kafin shayarwa, in riƙe ta a tsaye a kafaɗa har ta samu sauƙi. Lissafi ya watse, ban ma rubuta na dare biyu ba. Jikinta bai yi zafi ba, tana shan nono, alhamdu lillahi.

Dare biyar ke nan ba roba. Na mayar da su durowa shiru, ban faɗa wa kowa ba, kada in yi wa abin baki.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Ta cika wata shida ranar Laraba da ta wuce. Yau muka je awo, kilo 7.1, ɗigon ya koma kan layinsa. An ba ta bitamin A, ɗan shuɗin ƙwanson nan da ake yanke wa baki a matse a harshe, ta yatsine fuska kamar an ba ta maɗaci. Mun fara kunun gero da gyaɗa, cokali biyu zuwa uku, rabi a ciki rabi a wuyan riga.

Sista ta ji daɗin labarin durowa. Ta ce dama daga wata shida ake son a fara janyewa, don yaran da ke yawan tsotson roba sun fi kamuwa da ciwon kunne, shi kuma haɗarin mutuwar cikin barci ya fi yawa ne a watanni shidan farko. Zancen turo haƙora gaba da mutane ke yi, ta ce wannan sai yaro ya kai shekara biyu, uku yana abu ɗaya.

Sai ta rage murya ta tambaye ni ko al’ada ta dawo. Na ce makon jiya. Ta ce to in sani shayarwa ta daina tsare ni. Kariyar nono sharaɗi uku gare ta: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, jini kuma bai dawo ba. Ɗaya ya faɗi, ta faɗi. Ni biyu sun riga sun faɗi, na ukun ma kunu ya shiga. Ta ce mata da yawa ba sa lura cewa duk tsotson da roba ta karɓa nono ne ya rasa, kuma tsotson dare na cikin abin da ke riƙe jinin. “In ba kwanika kike so ba, ki biya ɗaki na gaba kafin ki tafi.” Na biya.

An koma makaranta. Tashi biyu zuwa uku, duk na nono. Abin da na nema a Nuwamba ke nan. Na so in rufe littafin a nan.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Da na rufe da na yi ƙarya.

Makon jiya dasashin ƙasa ya kumbura, yawu kamar famfo, duk abin da ta samu sai baki, har gefen wayata. Daren Talata ta tashi sau bakwai. Daren Laraba a rabon Abbanta ina jin kuka, ina jin kuka, sai na ji tsit. Na san wannan shirun. Na ɗaga kai na gan shi tsaye da fitila, durowa a buɗe. Ya ce, “Ki yi haƙuri, Maman Ummi, tausayi ta ba ni.” Wata guda cur na aiki. Na juya masa baya ban tanka ba, amma gaskiya ni ma da a hannuna take da abin da zan yi ke nan. Ba tsotsa ma take ba, taunawa take da gefen baki.

Shawarwari kuwa sun yi ta zuwa. Wannan ta ce garin haƙori, waccan ta ce ruwan maganin da ake ɗigawa, wata ta ce dauri. Mamana ce ta kashe maganar a waya, ita da ba ta manta abin da ya faru a ƙarshen 2008 ba, lokacin da maganin haƙorin nan My Pikin ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, irin wanda ake zubawa a man birki. Yara 84 aka tabbatar sun rasu a ƙasar nan, har da waɗanda aka kwantar a Zariya. Ta ce, “Kada ki kuskura ki ɗura mata abin da likita bai rubuta ba. Ki wanke hannu ki murza mata dasashin, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ta tauna.”

Ranar Alhamis jikinta ya yi ɗumi, ma’auni ya nuna 38.2. Kowa ya ce haƙori ne. Mu Hausawa komai haƙori ne, zawo haƙori, zazzaɓi haƙori, amai haƙori, har yaro ya galabaita ana jiran farin abu ya ɓullo. Haƙori na sa ƙaiƙayi da yawu da rigima, amma ba ya kawo zazzaɓi mai ƙarfi ko gudawa. Na kai ta aka tsaga yatsa, babu maleriya, aka leƙa kunne, lafiya. Likita ya ce wata murar ce ke shigowa, ya rubuta farasitamol daidai nauyinta. Jiya da safe ina ba ta kunu na ji cokali ya yi ƙas. Guda ɗaya, a ƙasa, kamar ƙwayar shinkafa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Ban sake yaƙin cirewa ba. Dokar yanzu: roba ba ta fita daga gado. Ba a goyo, ba a hannun mai raino, ba a unguwa. Da rana in ta yi rigima a ɗauke ta, a yi mata wasa, a ba ta abin tauna.

Ranar Laraba da la’asar ina ninke kaya ta farka daga barcin rana. Na tsaya ina kallo ta cikin raga. Ta mirgina, ta miƙa hannu ta damƙo robar, ta kai baki ta baya, ta ciji marikin. Ta ciro ta dube ta kamar mai duba kuɗin jabu. Ta juya, ta kai kunci, ta kai hanci, sannan ta dace. Ta koma ta kwanta abinta. Tun ranar nake ajiye duka biyun a gadon, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ba zare ba komai. Cikin dare nakan ji laluben hannu a kan katifa, sai ɗan tsut-tsut, sai shiru. Ni ko gidan sauro ban ɗaga ba.

Laraba, 12 ga Maris, 12 ga Ramadan

Biyu, biyu, ɗaya, biyu, uku, biyu. Na farko wajen ɗaya da rabi, ta sha ta koma. Na biyu ya daidaita da sahur kamar da gangan, ina kunna risho take kira, sai Abbanta ya ɗauko ta ya zaunar a cinya tana kai wa kofin kununsa cafka. Ukun nan daren da aka yi baƙi ne ta wuce lokacin kwanciyarta.

Haƙori biyu yanzu. Shekaranjiya da na ja kan ɗaya robar don dubawa na ga ta tsage a gindi, aikin sababbin haƙoran, na jefa a shara. Saura ɗaya. Sau uku a makon nan na same ta da safe a can ƙasan ƙafafunta, a bushe, alamar ba a ko taɓa ta ba.

Hajiya ta zo shan ruwa jiya, ta ga sauran layukan allin da ban goge ba a bango, ta tambayi na mene ne. Abbanta ya ba ta labari. Ta ɗaga takwararta sama ta ce, “Ashe haka kika gasa su?” Sannan ta tuna masa saura wata huɗu a buɗe kwalbar zuma, kuma ita ba ta manta alkawari.

Ya ce gobe in ya taso daga kasuwa zai biya kemis ya sayo wata robar, kada ɗayar ta ɓata cikin dare. Na ce ya dakata tukuna.